Ina Hadari Yake Zuwa In Ya Wuce Mu?

Ba wanda zai koya wa mutumin Damargu abin da ake kira hadari. Kun san shi tun kuna yara. Da la'asar gabas takan yi baƙi. Iska ta ɗauke, gari ya yi tsit, zufa ta yi ta zuba. Can sai a hango jar ƙura ta taso kamar bango. Mata su kwashe shanya, yara su koro awaki, kowa ya nufi ɗaki. Iska ta buga, tsawa ta biyo baya, ruwa ya sauka. Bayan awa ɗaya ko biyu sai hadarin ya yi yamma.

To, ina yake zuwa in ya wuce mu? Wannan shi ne darasinmu na yau. Hadari yana da rayuwa irin ta mai rai. Ana haihuwarsa, yana girma, yana tsufa, yana mutuwa. Irin hadarin da ke ratsa Tanut da Belbeji, wani yakan kai har teku. A can yakan zama mahaukaciyar guguwa, ya rushe garuruwa a tsibiran da ke nesa da mu da fiye da kilomita 7,000. Za mu bi shi sawu da ƙafa, daga haihuwa har mutuwa. Wanda ya san halin abu ya san yadda zai zauna da shi.

Yadda hadari yake farawa

Iska biyu ke mulkin ƙasarmu. Ta farko ita ce iskar hunturu. Daga arewa maso gabas take fitowa, daga hamada. Busasshiya ce, hazo da kaushi kawai take kawowa. Ta biyu ita ce iskar bazara. Daga kudu maso yamma take tasowa, daga tekun da ke bayan Kwatano da Legas. Ita ce mai ɗauke da danshi. Takan iso mana wajen watan Yuni, ta koma wajen ƙarshen Satumba. Tsakanin nan ne damanarmu, kuma kun san gajera ce. A yawancin shekaru ruwan Tanut ba ya wuce milimita 300.

In danshi ya iso, sauran aiki na rana ne. Rana takan gasa ƙasa tun da safe. Iskar da ke kusa da ƙasa ta yi zafi, ta yi sama, ta tafi da danshi. Can sama kuwa akwai sanyi ƙwarai. Sai danshin ya koma ƙananan ɗigon ruwa. Ku dubi murfin tukunya in ana dahuwa. Tururi yakan tashi, ya taɓa murfi, ya koma ruwa. Haka girgije yake samuwa. In zafi da danshi sun yi yawa, girgijen yakan yi tsawo har ya kai kilomita 15.

Duwatsu suna taimaka wa iska ta hau sama. Shi ya sa manyan hadura da yawa suke farawa a kan duwatsu. Akwai duwatsun Azbin a arewa da mu. Akwai na Jos a Najeriya, da na Darfur a Sudan, da na ƙasar Habasha.

Don me daga gabas yake zuwa?

Mun ce danshi daga kudu maso yamma yake zuwa. Amma kowa ya san hadari daga gabas yake tasowa. Yaya aka yi haka?

Ga dalili. In aka hau sama kamar kilomita 3, akwai wata iska mai ƙarfi. Daga gabas take gudu zuwa yamma, duk damana. Abin da ke tada ta shi ne bambancin zafin hamada da sanyin bakin teku. A watan Agusta kusan bisa kanmu take bi. Ita ce ke tura hadari yamma. Iskar bazara ta kawo danshi ta ƙasa, iskar gabas ta kora girgije ta sama.

Ita kuma jar ƙurar da ke gaban hadari, ga asalinta. Ruwan da ke zubowa daga girgije yakan jawo iska mai sanyi zuwa ƙasa. Iskar ta bugi ƙasa, ta bazu gaba da gudu, ta kwashi rairayi. Shi ya sa kuke jin sanyi kafin ɗigon farko ya faɗo. Wani lokaci iskar ƙasa takan bushe ƙwarai, har ruwan ya ƙafe tun bai sauko ba. Ranar nan ƙura kawai za a sha. Irin wannan iska ce ke binne hatsi yana ƙarami a farkon damana, a sake shuka.

Uwar hadari

Iskar gabas ɗin nan ba ta tafiya a miƙe. Tana lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Ta ɗan yi arewa, ta ɗan yi kudu. Lanƙwasar babba ce ƙwarai. Daga ɗaya zuwa mai bi mata yakan fi kilomita 2,000. A wani sashe nata gizagizai suke taruwa. A wani sashe kuma sama takan yi garau. Don sauƙin ganewa, bari mu kira wannan lanƙwasa uwar hadari.

Hadari guda ba ya daɗewa. Yakan yi yini ko kwana, ya mutu. Amma uwar tana nan tafe. In wannan ya mutu, ta haifi wani a gaba. Duk kwana 3 zuwa 5 wata uwar hadari takan ratsa ƙasashenmu. Manoma sun san haka ko ba a faɗa musu ba. In damana ta zauna, akan yi ruwa, a ɗan huta ƴan kwanaki, a sake yi.

A shekara guda akan sami uwar hadari wajen 60. Kowace tana cin kilomita 600 zuwa 700 a kwana. In ta bar Damargu sai ta bi ta Tawa, ta shiga Mali, ta ratsa Senegal. Cikin kwana 4 ko 5 ta kai bakin Tekun Atlantika wajen Dakar.

Masana sun sha wahala kafin su gane wannan. A 1974 ƙasashe da yawa suka haɗu a Dakar. Suka baza jiragen ruwa kusan 40 a teku, da jiragen sama, suna auna iska da gizagizai. A 2006 aka sake wani babban bincike a Afirka ta Yamma. A lokacin an kafa na'urar hangen hadari a Yamai. Yau kuma tauraron ɗan'adam yana ɗaukar hoton gizagizai dare da rana.

In ta isa teku

Yawancinsu ba sa zama komai. Sukan ratsa teku da ɗan ruwa da iska, su watse. Kafin uwar hadari ta zama guguwa sai abu huɗu sun haɗu.

Na ɗaya, ruwan teku ya yi ɗumi, kamar digiri 27. Kuma ɗumin ya kai zurfin mita 50, wato zurfin wata doguwar rijiya ta Damargu.

Na biyu, iskar wurin ta kasance cike da danshi.

Na uku, iskar sama da ta ƙasa su tafi tare. In ta sama ta fi ƙarfi ƙwarai, sai ta sare kan girgijen.

Na huɗu, a sami juyi. Duniya tana juyawa, kuma juyinta yana karkata duk iskar da ta yi doguwar tafiya. Iskar da ke rugowa tsakiyar hadari ba ta shiga kai tsaye, sai ta kewaya. A rabin duniya na arewa, inda muke, takan juya akasin hannun agogo.

Yanzu ina take samun ƙarfi? Ku tuna da randa. Don me ruwan randa yake sanyi? Don ruwa yana tsattsafowa ta jikinta yana ƙafewa. Ruwan da ya ƙafe yakan tafi da zafi. Haka teku take yi. Ruwa yana tashi daga kanta, yana ɗauke da zafi. In ya kai sama ya koma ɗigo, sai ya saki zafin nan cikin girgije. Zafin ya ƙara tura iska sama. Wata iskar ta rugo daga gefe ta cike gurbi, ta zo da sabon danshi. Haka abin zai yi ta ciyar da kansa. Ruwan ɗumi shi ne abincin guguwa.

Kusan kilomita 600 yamma da Dakar akwai tsibiran Kap Ber. Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. A kusa da waɗannan tsibirai ne manyan guguwa da yawa suke farawa, a watan Agusta da Satumba. A ranar 31 ga Agusta 2015 wata mai suna Fred ta bugi Kap Ber ɗin kanta. Rabon tsibiran da irin wannan tun 1892.

Matakan girma

Da gudun iska ake auna girman guguwa.

Mataki na farko, jaririya ce. Gizagizai sun taru sun fara juyi. Iskarta ba ta kai gudun kilomita 63 a awa ba.

Mataki na biyu, ta tasa. Iskarta tana gudun kilomita 63 zuwa 118 a awa. A nan ne ake raɗa mata suna. Hukumar yanayi ta duniya tana da jerin sunaye da ta tanada tun kafin shekara ta kama. Akan bi da bi, sunan mace da na namiji. In wata ta yi mummunar ɓarna, sai a cire sunanta, ba a sake ba wata.

Mataki na uku, ta zama mahaukaciyar guguwa. Iskarta ta kai kilomita 119 a awa. Wannan shi ne gudun mota in direba ya taka ta sosai a kan kwalta.

Mahaukaciyar ma aji biyar ce. Daga aji na 3, mai kilomita 178 a awa, ake kiran ta babba. Aji na 5 yana farawa daga kilomita 252.

A shekara madaidaiciya, guguwa 14 ke samun suna a Tekun Atlantika. Cikinsu 7 ke zama mahaukata, 3 kuma su zama manya. Ku riƙe wannan: cikin manyan nan, fiye da 8 cikin 10 daga uwar hadarin Afirka suke fitowa.

Yaya kamarta take?

Kada ku haɗa ta da ƴar guguwar da ke tashi a fili da rani, ta kwashi kara da leda. Waccan zafin ƙasa ke tada ta, kuma cikin ƴan mintoci take mutuwa. Ta teku faɗinta yakan kai kilomita 500, ya fi nisan Damagaram zuwa Agadas. Takan yi mako ɗaya ko biyu da rai.

In aka dube ta daga sama, kamar faifai take, fari, mai rami a tsakiya. Ramin nan ana kiran sa ido. Faɗinsa yakan kai kilomita 30 zuwa 60. Cikin ido ba ruwa, iska kuma kaɗan ce. Har akan ga rana ko taurari. Amma a bakin idon ne iska ta fi muni. Nan ne mutane suke ruɗuwa. Ido ya iso kansu, gari ya yi shiru, su ce an gama, su fito. Jim kaɗan sai ɗaya gefen ya iso, iska ta dawo ta wata fuska da ƙarfinta na ɗazu.

Da abu uku take ɓarna. Iska tana yaye rufi, tana tumɓuke itatuwa. Ruwan sama yana cika ƙoramu, yana zabtare tuddai. Sannan iska tana tura ruwan teku ya hau tudu, ya shiga gari. Ruwa ya fi iska kashe mutane.

Labarin Irma

Bari mu bi guda ɗaya daga farko har ƙarshe.

A ranar 27 ga Agusta 2017 wata uwar hadari ta bar gaɓar Afirka ta Yamma, ta shiga teku. A ranar 30 ga wata, kusa da Kap Ber, iskarta ta kai mataki na biyu. Aka sa mata suna Irma. Kashegari ta zama mahaukaciya. Ta yi ta tafiya yamma bisa ruwan ɗumi, ba tudu ba dutse a gabanta. A ranar 5 ga Satumba ta kai aji na 5.

A gabanta akwai tsibiran Karibiyan, kusa da Amurka. Da yawa daga cikin mutanen waɗannan tsibirai baƙaƙe ne kamarmu. Kakanninsu daga Afirka aka kwashe su a zamanin cinikin bayi. Suna kamun kifi, suna noma, suna karɓar baƙi masu yawon buɗe ido.

Kafin asubar 6 ga Satumba, Irma ta sauka a wani ƙaramin tsibiri mai suna Barbuda. Iskarta tana gudun kilomita 285 a awa. Idonta ya bi ta kan tsibirin sosai. Barbuda shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da tudun kirki. Ruwan teku ya hau fiye da mita 2. Cikin gida 10, fiye da 9 sun lalace. Ba wuta, ba waya, ba ruwan sha. Ga kuma wata guguwar, mai suna Jose, tana tafe a baya. Sai hukuma ta kwashe mutanen tsibirin duka, wajen 1,800, ta kai su tsibirin Antigwa. Ku yi tunanin a wayi gari a ce duk mutanen garinku su tashi, kada a bar ko mutum ɗaya. Mai tsibiri ba ya da dajin da zai gudu. Duk inda ya juya ruwa ne.

Irma ta ci gaba. Ta rushe wasu tsibiran, ta bi gaɓar ƙasar Kuba. A ranar 10 ga Satumba ta shiga jihar Fulorida ta Amurka. Da ta hau tudu sai ƙarfinta ya fara raguwa. Kafin 13 ga wata ta watse. Daga barinta Afirka zuwa mutuwarta, kwana 17 ke nan. Fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu ta dalilinta.

Da ba a yi gargaɗi ba, da mamatan sun fi haka nesa. A birnin Mayami na Amurka akwai cibiyar da ke bin sawun kowace guguwa. Duk awa 6 tana fitar da sanarwa. Akwai ma matuƙa da ke shiga cikin guguwar da jirgin sama don su auna ƙarfinta. A Kuba an kwashe fiye da mutum miliyan 1 daga bakin teku tun kafin Irma ta iso. Gidaje dubbai sun rushe a ƙasar, amma mutum 10 suka mutu. An faɗa musu da wuri, su kuma sun ji.

Abin da ke kashe ta

Kome ƙarfin guguwa, tana da ajali. Abu huɗu ke kashe ta.

In ta hau tudu, ta rabu da abincinta, wato ruwan ɗumi. In ta yi arewa ta shiga ruwan sanyi, haka nan. In ta gamu da iskar sama mai ƙarfi, sai ta raba kanta da gindinta. Na huɗu kuwa daga wajenmu yake zuwa: ƙura da busasshiyar iskar hamada.

Ƙurar da ke tashi daga hamadar Nijar da Cadi da Mali takan hau sama, ta bi iska ta ƙetare teku. In jaririyar guguwa ta shaƙi wannan busasshiyar iska, gizagizanta sukan bushe. A watan Yuni na 2020 ƙurar ta yi yawa, har ta rufe sama a tsibiran Karibiyan kamar hazon hunturu. Kun ga ke nan, daga ƙasarmu uwar guguwa take fita, daga ƙasarmu kuma ɗaya daga cikin magungunanta yake tashi.

A kula, mutuwar iska ba ta hana ruwa zuba. Guguwar da ta raunana takan ci gaba da zubar da ruwa kwana da kwanaki, ta jawo ambaliya.

Damanarmu da guguwarsu

Wani masani ɗan Amurka mai suna William Gray ya lura da wani abu. A 1990 ya bayyana shi. A shekarun da ƙasashen Sahel suka sami ruwa sosai, kamar shekarun 1950, manyan guguwa sun yi yawa a can. A shekarun fari, daga 1970 zuwa 1987, sun ragu. Dattawanku suna tune da farin 1973 da na 1984. A 1983, lokacin da fari ya kama ƙasashenmu, guguwa 4 kacal suka sami suna a duk Tekun Atlantika. Akwai wasu dalilan da ke sa su yawa ko ƙaranci, kamar ɗumin teku. Amma damanarmu tana cikin abin da masana suke dubawa.

Mu kuma fa?

Mahaukaciyar guguwar teku ba za ta zo Damargu ba. Ba mu da tekun da za ta ci. Amma Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hadarin da muke roƙo shi ne kuma yake yaye rufi, ya kayar da soro, ya tafi da dabbobi.

Ku tuna damanar 2024. Ruwa ya kashe mutum kusan 400 a Nijar. Fiye da mutum miliyan 1 da rabi abin ya shafa. A ranar 3 ga Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi, bayan ya yi fiye da shekara 150 a tsaye. Alhali tun watan Afrilu masana suka sanar cewa damanar Sahel za ta yi ruwa da yawa, kuma a yi hattara da ambaliya.

Su wane ne masu wannan sanarwa? Akwai ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa, waɗanda muke ce wa ƴan meteyo. Akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban fari. Akwai kuma cibiyar ACMAD, ita ma a Yamai. Kowace shekara kafin damana sukan faɗi yadda suke hangen ta. Ba duba suke yi ba, awo suke yi. Wani lokaci hasashen yana kucewa, amma ya fi zama cikin duhu. Allah ne mai saukar da ruwa, kuma shi ya ba mutum hankalin lura da alamu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da ya kamata a yi.

Tun da bazara:

A yaɓe soraye da katangu. A buɗe indararo da hanyoyin ruwa.

A ɗaure rufin kwano da na bukka sosai. Kwanon da iska ta ɗauka wuƙa ne.

A duba rumbu. A ɗaga gindinsa, a gyara rufinsa.

Kada a yi gini ko a kafa zango cikin kwari, ko da ya shekara 10 a bushe. Mutanen kwarin Tarka su kula da wannan. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

A bar kara a gona. A bar gawo da aduwa da magarya su girma. Suna rage ƙarfin iska, suna kare hatsi daga rairayi.

A sa takardun haihuwa da na gona cikin leda, a ajiye su a sama.

In hadari ya taso:

A tara yara, a shiga ɗaki mai ƙwari. Kada a kwana jikin bangon da ya jiƙe ya tsage.

Kada a fake gindin itace guda a fili. Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo. Manomi ya ajiye hauya, ya bar kan tudu. Makiyayi kada ya tara dabbobi gindin itace.

Kada a ƙetare ƙorama tana gudu, da ƙafa ko da amalanke ko da mota. Ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana iya kayar da ƙato. Kuma ƙorama takan kawo ruwan da aka yi a nesa, ko da ba a yi ɗigo a garinku ba.

Ku da kuka iya karatu yanzu, kuna da aiki a nan. Ku saurari hasashen yanayi a Muryar Sahel da rediyon garinku. In sanarwa ta zo a takarda ko a waya, ku karanta wa maƙwabta. Ku kai wa mai gari da liman, a faɗa a masallaci da kasuwa. Mutanen Kuba ba su fi guguwa ƙarfi ba. Labari ne ya riga ta isa, suka yi aiki da shi. Wannan mu ma muna iyawa.

Tambayoyi

1. Waɗanne iska biyu ne ke mulkin ƙasarmu? Wace ce mai kawo danshi?
2. Don me hadari yake zuwa daga gabas?
3. Mene ne ke tada jar ƙura a gaban hadari?
4. Kwana nawa uwar hadari take yi daga Damargu zuwa teku?
5. Ku faɗi abu huɗu da sai sun haɗu kafin guguwa ta samu.
6. Don me bai kamata a fito ba in idon guguwa ya iso?
7. Me ya rage yawan mamata a Kuba a 2017?
8. A garinku, ina ne ruwa yake bi in ya yi yawa? Akwai gidaje a wurin?

Aiki

Ku sami ƙaramin littafi. In damana ta kama, ku rubuta ranar kowane ruwa. Ku rubuta lokacin da ya fara, da inda hadarin ya fito. A ƙarshen Agusta ku ƙidaya kwanakin da ke tsakanin ruwa da ruwa. Ku kawo littafin aji, a gwada da na sauran ɗalibai.